Gidan Yari da Wuraren Ɗaukar Fim a Ƙasar Kano

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jaruman fina-finan Hausa da waƙoƙinsu da rigimarsu da hukumar tace fina-finai. Wurin ɗauka kuwa, wanda 'yan fim ke kira lokeshan, ba kasafai ake kula da tarihinsa ba, in ban da godiyar da akan yi wa dagaci ko mai gida a ƙarshen fim. Wannan maƙala ta tattara abin da ya tabbata game da fanni ɗaya na wannan tarihi: dangantakar wasan kwaikwayon Kano da gidan yari, da dalilin da ya sa ƙauyukan Kano suka zama dandalin ɗaukar fim alhali ba a taɓa gina musu dandali ba. An kawo Koriya ta Kudu don kwatanci, domin can ne wasan kurkuku ya zama fanni mai zaman kansa da gine-ginensa.

Gidajen yarin Kano

Tun kafin zuwan Turawa akwai kurkukun sarki a birnin Kano. Bayan da sojojin Ingila suka ci birnin ranar 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa ya shiga kurkukun da kansa, ya tarar da ɗakuna biyu, kowanne tsawon ƙafa 17 da faɗin ƙafa 7, kuma an shaida masa cewa akan cusa mutum 135 a ciki. Wannan bayani shi ne aka fi yawan kawowa, amma ya kamata mai karatu ya tuna cewa mai rubutun yana neman hujjar yaƙin da ya yi ne.

Gidan yarin Kurmawa, wanda ke daf da fadar sarki, an gina shi a 1910, zamanin Sarki Abbas. Shi da sauran gidajen yarin lardi sun kasance a hannun En'e, kuma ta cikinsu 'yan jam'iyyar NEPU da dama suka bi a shekarun 1950. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su a hukuma ɗaya. A 2019 doka ta sauya wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali, a 2023 kuma aka ƙaddamar da sabon gida mai ɗaukar mutum 3,000 a Janguza, kan hanyar Gwarzo. Tsakanin Kurmawa da Janguza akwai na Goron Dutse, wanda zai sake fitowa a wannan tarihi, da ƙanana irin na Wudil. Dukkansu gidaje ne masu aiki, cike da fursunoni da masu jiran shari'a, ba wurin da mai kyamara zai yi mako yana ɗauka ba.

Zamanin talabijin

Wasan talabijin na Hausa ya fara ƙarfi ne a Kaduna, inda su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka yi suna. A Kano akwai NTA tun shekarun 1970, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a 1982, gidan da yau ake kira ARTV. Wasannin wannan zamani sun fi zama a cikin ɗakin ɗauka ko a zauren wani gida. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne Kuliya Manta Sabo, wasan da ya ginu a kan zaman kotu. A irin wannan wasa labari yakan ƙare ne a bakin alƙali: da an yanke hukunci, sai ɗan doka ya tasa ƙeyar mai laifi, a rufe fage. Abin da ke bayan ƙofar kurkuku ba ya cikin labarin. Rimi kansa, wanda ya kafa gidan talabijin ɗin, kotun soja ta ɗaure shi a 1984 bayan juyin mulkin Janar Buhari.

Bidiyo ya fita ƙauye

Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, shi ne aka fi yarda cewa ya buɗe kasuwar fim ɗin bidiyo a Kano. Zuwa 1999, shekarar da aka fara buga mujallar Fim kuma Sangaya ya tashi kan kasuwa, sana'ar ta rabu gida biyu ta fuskar lokeshan. Fina-finan soyayya suna neman gidan mai kuɗi a Nasarawa ko Bompai, waƙoƙinsu kuma akan tafi da su bakin ruwa, irin Tiga da Bagauda, ko a haura Jos saboda duwatsu da sanyi. Fina-finan barkwanci masu ƙaramin jari, waɗanda ake kira camama, su kuwa ƙauye suka nufa.

Karkarar da ke kewaye da Kano tana daga cikin mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari tun daga shekarun 1960. Daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a ƙarƙashin gawo da kuka da ɗorawa, ana ciyar da ƙasar da takin dabbobi da sharar birni. Ga mai shirya fim wannan yana da amfani biyu. Na farko kusanci: a fita da safe a mota ɗaya, a dawo birni kafin isha. Na biyu, duk abin da labarin ƙauye ke bukata yana nan a shirye: katangar ƙasa, zaure, rumbu, danga, turmi, rijiya, amalanke, kasuwar mako.

Amma yana da sharaɗi. A ƙasar da kowane taƙi ke da mai shi, babu fegin da za a kafa dandali a bar shi. Sai dai aro. Furodusa ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, a nemo mai gidan da zai yarda, a shirya da matan gida kan lokacin da maza baƙi za su shiga, a ba da ɗan abin goro. Damina tana hana shiga gona, don haka bayan kaka, in an kawar da kara, aka fi samun fili. Gidan da aka ɗauki fim a cikinsa da hantsi, da la'asar ya koma gidan mutane. Shi ya sa ba a samu wani ƙauye da ya zama wurin ziyara saboda fim ba, duk da ɗimbin fina-finan da aka ɗauka a karkarar Kano.

Fagen kurkuku ma a haka yake tafiya. Ɗaki ne na aro mai taga da ƙarfe, da tabarma, da kwanon gabza, da mutum ɗaya sanye da kayan gandiroba. Sau da yawa ma ba a nuna shi: a yanke hukunci, a rubuta "bayan shekara kaza", a nuno mutum ya fito da gemu.

Babban tauraron camama, Rabilu Musa Ibro, ya san ainihin kurkuku fiye da kowane darakta. An haife shi a Ɗanlasan, ƙasar Warawa, a 1971, kuma ya yi aikin gandiroba na kusan shekara takwas tun daga 1991 kafin ya koma fim gaba ɗaya. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014.

Shekarun ɗauri, 2007 zuwa 2011

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Shekarunta na farko ba su yi tsanani ba. Al'amura sun juya a watan Agusta 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, shugaban hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida. Da aka dawo, sababbin ƙa'idoji sun haɗa da rajistar kamfani da ta ɗaiɗaikun ma'aikata, da duba labari kafin ɗauka, da amincewar hukuma a kan wurin ɗauka.  A lokacin hukumar tana da kotun tafi-da-gidanka, wadda kan yanke hukunci cikin gaggawa.

Adam A. Zango ne fitaccen da aka fara ɗaurewa, a watan Satumba 2007, wata uku da tara, saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka yanke wa Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko da batun rajistar kamfani. Tsohon gandiroba ya koma gidan a matsayin fursuna.

Shari'ar da ta fi jan hankali ita ce ta Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, furodusa kuma jarumi, wanda ya yi takarar gwamna a 2007. An kama shi a watan Mayu 2008 bisa zargin sakin fim ɗinsa Tsintsiya a Kano ba tare da tacewa ba da kuma gudanar da kamfani ba rajista. Fim ɗin ya samu tallafin ofishin jakadancin Amurka, kuma ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma a Abuja a shekarar. Iyan-Tama ya musa zargin, ya ce kamfaninsa na da takardu kuma bai saki fim ɗin a kasuwar Kano ba. Ranar 30 ga Disamba 2008 kotun ta same shi da laifi. A nan rahotanni suka saɓa: wasu sun ce wata uku da tarar naira 300,000, wasu sun ce wata 15. Abin da ya fi daidaita su shi ne cewa wata ukun ba su da zaɓin tara, sauran kuma tara na iya fanshe su. An tsare shi a Goron Dutse, ya fito a watan Maris 2009 bayan babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a. A watan Yuli na wannan shekara aka tsare mawaƙi Aminu Ala na ɗan lokaci a kan sakin waƙa ba tare da izinin hukumar ba.

Sakamakon wannan zamani a kan lokeshan a bayyane yake. Kamfanoni da yawa sun kwashe kayan aiki zuwa Kaduna da Jos da Abuja, inda dokar Kano ba ta kai ba, kuma wasu ba su dawo da wuri ba ko bayan da Rabo ya bar kujerar a 2011. Abin lura kuma shi ne, duk da cewa manyan 'yan fim sun kwana a kurkuku, sana'ar ba ta mai da wannan ya zama fanni na labari ba kamar yadda ta yi da kishiya da gado da sarauta.

Ƙauyen fim na Kofa

A watan Yuli 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, mahaifar ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin. Shirin ya ƙunshi ɗakunan ɗauka da makaranta da masauki. Malamai da dama sun yi huɗuba a kansa, suna cewa zai zama matattarar lalata, kuma jama'a sun fi bukatar ruwa da noman rani. Kafin wata ya ƙare aka janye shi. Da wannan aka rasa dama mafi girma ta samun ginannen dandali a jihar.

Yadda Koriya ta yi

Prison Playbook wasa ne mai kashi 16 da tashar tvN ta nuna daga 22 ga Nuwamba 2017 zuwa 18 ga Janairu 2018, Shin Won-ho ya ba da umarni, Park Hae-soo ya fito a matsayin shahararren ɗan wasan ƙwallon baseball da aka ɗaure bayan ya ji wa wanda ya kai wa ƙanwarsa hari mummunan rauni. Kusan duk labarin a cikin kurkuku yake: cin abinci, aikin hannu, ziyara, zaman ɗaki ɗaya da gandirobobi masu kirki da marasa kirki. An ɗauki sassansa a tsohon gidan yarin Jangheung, can kudancin ƙasar, wanda aka buɗe a shekarun 1970 aka kuma kwashe fursunoninsa zuwa sabon gini wajen shekara 40 bayan haka. Hukumar yankin ta saye ginin, ta riƙa ba da shi haya ga masu fim, daga baya ta buɗe shi ga masu ziyara.

A garin Iksan kuwa kurkukun na jabu ne tun asali. An gina shi a 2005 a harabar wata firamaren ƙauye da aka rufe, domin fim ɗin Holiday, kuma a nan aka ɗauki Miracle in Cell No. 7 na 2013, wanda sama da mutum miliyan 12 suka kalla a silima. Baƙi kan je su sa kayan fursuna su ɗauki hoto. A birnin Seoul, kurkukun Seodaemun, wanda aka buɗe a 1908 aka rufe a 1987, ya zama gidan tarihi a 1998.

Tushen bambancin ba kuɗi kaɗai ba ne. Karkarar Koriya ta zube, matasa sun koma birni, makarantu sun rasa ɗalibai, gine-gine sun zama kango, sai hukumomin yanki suka nemi abin da zai jawo baƙi. Karkarar Kano kuwa ƙaruwa take yi, ajin firamare ba ya isar yara, gidan yari ba ya isar fursunoni. Inda babu ginin da ya rasa mai shi, babu abin da za a bar wa kyamara.

Halin da ake ciki

Tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015, sannan Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So suka biyo baya, wasa mai dogon zango ya maye gurbin faifai, kuma yana bukatar wuri ɗaya da za a riƙa komawa shekara da shekaru. A 2025 gwamnatin Kano ta bayyana niyyar mai da Kurmawa gidan tarihi bayan an kwashe mazaunansa zuwa Janguza. Idan hakan ta tabbata, Kano za ta samu kurkukun farko da babu kowa a ciki, sa'an Seodaemun a shekaru, kuma shawarar ko za a bar masu fim su shiga tana hannun gwamnatin jiha da hukumar tace fina-finai.