Taimako Ko Leƙen Asiri?

Mai karatu, a yau idan ma'aikacin wani babban kamfani a Amurka ya shiga wani hali, ko na shaye-shaye, ko bashi, ko rikicin aure, ko mutuwa ta girgiza shi, akwai lambar wayar da zai buga a haɗa shi da mai ba da shawara, kamfani kuma ya biya. To, wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. Bari in ba ka tarihinsa.

A watan Janairun 1914, Henry Ford mai kamfanin motoci a Detroit ya mai da kuɗin aikin yini dala 5, ninkin abin da yake biya a da har da ɗoriya, saboda ma'aikata na ta guje masa don tsananin wahala. Amma fa ƙarin da sharaɗi ya zo. Kamfani ya kafa sashe guda na masu bincike, suna bi gida-gida. Ɗakinka da tsabta? Kana ajiya a banki? Kana shan giya? Wanda aka samu da aibu sai a riƙe masa ƙarin, in wata 6 ya wuce bai gyara ba a sallame shi. Gaskiya sun taimaki wasu, har makarantar koyon Turanci aka buɗe wa baƙi. Sai dai wane magidanci ne zai kai kukansa ga wanda ke riƙe da tuwon 'ya'yansa? Zuwa wajejen 1921 tsarin ya shiririce.

Wata ƙofa ta buɗe a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, inda mutum biyu da giya ta wahalar, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu taimakon juna ba tare da bayyana suna ba. A shekarun 1940, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya sa ma'aikata suka yi ƙaranci, kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka ga korar ƙwararre asara ce. Sai likitan kamfani ya riƙa haɗa mashayi da wanda ya taɓa faɗawa ramin ya fito.

A 1970 Sanata Harold Hughes na jihar Iowa, wanda shi kansa tsohon mashayi ne kuma bai ɓoye ba, ya tsaya kai da fata aka yi dokar da ta kafa cibiyar gwamnatin tarayya ta yaƙi da cutar shan giya. Cibiyar ta ba da kuɗi aka baza jami'ai a jihohi, suna koya wa kamfanoni. Daga nan ne tsarin ya faɗaɗa, ya haɗa da sauran matsalolin rayuwa. Ƙa'idarsa biyu ce. Shugaba ya dubi aiki kawai, kamar latti da fashi da sakaci, kada ya mai da kansa likita. Sannan abin da ma'aikaci ya faɗa ya tsaya tsakaninsa da mai shawara, sai fa in rai na cikin haɗari. Kamfani adadi yake gani, ba sunaye ba.

Ni dai abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, Ford ya zuba kuɗi amma ya tona asiri, na baya suka rufa asiri sai tsarinsu ya ɗore. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka ne, amma ai ba a wanka a tsakiyar kasuwa. Don haka kai mai gida, ko manaja, ko shugaban ma'aikata, in kana so na ƙasa da kai ya faɗa maka damuwarsa tun kafin ta ci aikinsa, to fara kafa masa zana tukuna.

Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.