Rumbu ne ko Rijiya? Muhawarar Sabon Ƙwai a Jikin Mace

Makiyayi a ƙasar Gobir ya san wannan: jar akuya ta rame da rani, ta ƙi barbara, har a fara tunanin kai ta kasuwar Sabon Birni ko ta Isa. Damina na sauka, ciyawa ta tsiro, sai ta murmure, bayan wata 5 da barbara ta zubo tagwaye. Mai kallo zai ce jikinta ya sabunta. Shin sabon ƙwai ta ƙera, ko tsohon ajiya ta taɓa? Wannan tambaya ce masana halittu suka fi shekara ɗari suna ja-in-ja a kanta. Gidan ƙwan dabba mai shayarwa rumbu ne da aka cika sau ɗaya, ko rijiya ce mai ɓuɓɓugowa?

Masu cewa rumbu ne sun daɗe da rinjaye. Waldeyer na Jamus ya faɗi haka tun 1870, Solly Zuckerman kuma ya tattara hujjojin a 1951. Lissafi na bayansu. Jaririya tana mako 20 a ciki tana da ƙwai kusan miliyan 7, ana haihuwarta da miliyan 1 zuwa 2, a lokacin balaga saura kamar 300,000. Waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran lalacewa suke yi.

A 2004 Jonathan Tilly da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka tayar da ƙura a mujallar Nature. Sun ƙirga yadda ƙwai ke mutuwa a jikin ɓeraye, suka ce da babu mai cike gurbi da rumbun ya ƙare tun da wuri. A 2005 suka ce daga ɓargo sabon ƙwan ke zuwa, amma a 2006 Eggan da Wagers suka haɗa jinin ɓeraye biyu yana gudana tare, ba a ga ƙwan ɗaya ya fito daga jikin ɗaya ba. Duk da haka zancen bai mutu ba. A 2009 ayarin Ji Wu a Shanghai ya ce ya samu 'ya'yan ɓera daga ƙwayoyin tushe na gidan ƙwai, wato masu iya zama sabon ƙwai, a 2012 ayarin Tilly ya ce ya ware irinsu a jikin mata.

A nan nake rabuwa da masu cewa rijiya ce. Abin da ƙwayar halitta za ta yi a kwanon gwaji daban, abin da take yi a jikin dabba mai rai daban. Lei da Spradling sun yi wa ƙwayoyin ɓeraye alama a 2013, suka bi sawunsu, ba su ga sabon ƙwai ba. A 2020 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka duba ƙwayoyi sama da 24,000 ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa abin da ake kamowa da sunan tushen ƙwai ƙwayoyin gefen jijiyar jini ne. Akwai togaciya, gaskiya: a 2023 an nuna wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi na gabashin Afirka yana ci gaba da yin ƙwai bayan an haife shi. To amma shi ba akuya ba ne, ba kuma 'yar Adam ba.

Saboda haka akuyar can ajiya ta taɓa. Yunwa ce ta hana ƙwan nuna, abinci ya sake shi. Harawa da dusa sun fi kowane sassaƙe aiki. Hujjar ta shafi mutane ma: mai tallan maganin da ke “sabunta ƙwai” ga matar da al'adarta ta ɗauke, abin da kimiyya ba ta tabbatar ba yake sayarwa.

Abin da ke damuna shi ne yawancin wannan muhawara a kan ɓera aka gina ta. Kullum mahauta na yanka akuyoyi a kwata, gidan ƙwan ya bi shara. Malaman Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a karɓo gidajen ƙwan a ƙirga mana ƙwan jar akuya, daga burguma har tsohuwa.