Ƙwallon Duniya da Fikafikan Jemage: Tarihin Tambarin Talabijin na BBC a Bakin Mai Sana'a

Aikin farko da aka ɗora mini a gidan talabijin shi ne tsaron kwali. Baƙin kwali ne, faɗinsa bai wuce faifai biyu ba, an zana tambarin tasharmu a jiki da farin fenti, an jingine shi a kan katako gaban kyamara. Da zarar shiri ya ƙare, kafin na gaba ya hau, sai a jefa hoton kwalin nan a akwatin kowa, mai sanarwa ya yi magana a bayansa. Nawa shi ne in tabbatar bai karkace ba, bai yi ƙura ba, zafin fitila kuma bai lanƙwasa shi ba. Ran nan ana dab da labaran dare, tsaka ta sauko daga bango ta ratsa tsakiyar tambarin a hankali kamar an aiko ta, gari duk yana kallo. Ban rufe baki daga salati ba maigidana ya leƙo. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban gan ta ba." Ya ce, "Kai ne ba ka gan ta ba, yaro. Gwamna ya gan ta."

Bai kore ni ba. Washegari ya zaunar da ni gaban wasu kaset-kaset da ya dawo da su daga kwas a Ingila. Babu wasan kwaikwayo a ciki, babu labarai, sai 'yan daƙiƙoƙin nan da ke tsakanin shiri da shiri, waɗanda mu a wurin aiki muke kira aidi. Na BBC ne. Bahaushe ya san BBC ta kunne tun 1957 da aka buɗe Sashen Hausa, amma fuskarta ta talabijin a can gida Birtaniya wani labari ne daban, kuma a kansa mutane irina da dama suka koyi sana'a.

Mai kallo yakan ɗauka aidi ado ne kawai. A ɗakin sarrafa shiri mun san abin aiki ne. Shiri ba ya cika lokacinsa daidai, kaset yakan maƙale, mai sanarwa yana bukatar hoton da zai fake a bayansa, kuma wanda ya murɗo tasha yanzun nan yana so ya san gidan wa ya shigo. Muddin tasha ɗaya ce a ƙasa, wannan na ƙarshen ba ya damun kowa. BBC ta fara talabijin a 1936 daga Alexandra Palace a Landan, ta daɗe tana cin karenta babu babbaka. Sai da aka fara shirin ba 'yan kasuwa izinin buɗe tasu tashar, wadda ta zo ta zama ITV a 1955, sannan ta ga ya kamata ta yi wa kanta shaida. Aka kira Abram Games, mai zanen da ya yi tambarin Bikin Birtaniya na 1951. A watan Disamban 1953 aka fara nuna abin da ya ƙera: wata siffar ido a tsakiya, zobba suna kewaya shi, sai tartsatsin walƙiya hagu da dama. Mutane suka dube shi suka raɗa masa suna Fikafikan Jemage, sunan kuwa ya bi shi har yau. Da tagulla da waya da ƙananan fitilu aka haɗa shi, ga shi da laulayi, ana gama ɗaukarsa a fim ya lalace. Fim ɗin aka yi ta juyawa shekara da shekaru.

Ƙwallon duniya ya shigo a 1963. Daga nan har 2002, duk sauyin zamani da na shugabanni, babbar tashar BBC ba ta rabu da shi ba. Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne na 15 ga Nuwamban 1969, ranar da BBC1 ta koma mai launi, domin shi ne maigidana ya sa na kalla har na haddace juyinsa.

Ga yadda yake. Ɗan ƙaramin ƙwallo ne da fitila a cikinsa, an shafe tekuna da baƙin fenti, an bar ƙasashe haske yana fita ta jikinsu. A bayansa an kafa madubi mai lanƙwasa, saboda haka yayin da ƙwallon yake juyawa sai ka ga nahiyoyi sun baje a baya suna ja suna miƙewa kamar ana jan ƙullun alkaki. Murray Andrew ne ya tsara shi. Abin da ya ɗaure mini kai da aka fara gaya mini shi ne, kyamarar da ke kallonsa ba ta ganin launi ko kaɗan. Fari da baƙi take ɗauka, sai na'ura ta zuba shuɗi a duk inda haske ya fito. Shi ya sa da suka so sauya kama a 1974 zuwa rawaya a kan shuɗi, da kuma 1981 zuwa kore, ba launin ƙwallon suka je suna fentewa ba. Kuma ba kaset ba ne. Duk lokacin da ka gan shi, a daidai wannan lokacin yake juyawa a wani ɗaki. Kusa da shi akwai agogo da kwalayen neman afuwa, an jera su sama da ƙasa, mai sanarwa yana zaune a wurinsa yana danna maɓalli, kyamara ta ɗaga kai ko ta sunkuya ta nufi wanda ake so. Saboda wannan gyaɗa kai ma'aikata suka sa mata suna Noddy. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta: ashe su ma kwali suke tsaro, nasu dai yana da mota ne.

A ƙarƙashin ƙwallon an rubuta kalmar da ke nufin "mai launi" da manyan baƙaƙe. Ba don burga ba. A Birtaniya da kuɗin lasin da masu akwati ke biya BBC take rayuwa, lasin mai launi kuma ya fi tsada. Wato duk juyin da duniyar nan ta yi, tana yi wa mai tsohuwar akwati raɗa ne cewa ana shagali babu shi.

Kwamfuta ta karɓi aikin ranar 18 ga Fabrairun 1985, da ƙarfe bakwai na yamma, zamanin da Michael Grade ke riƙe da tashar. Ƙasashe ruwan zinariya, teku shuɗi garai-garai har kana hango bayan ƙwallon. Injiniyoyin gidan ne suka ƙera akwatin da ke fitar da hoton, babu kyamara, babu madubi, babu abin da zai yi ƙura. Gajarta sunansa da Turanci ta ba da COW, wato saniya, haka kuwa aka yi ta kiransa. Yana da tsabta, ban musa ba. Ni dai bai taɓa motsa ni ba.

Wanda ya sauya sana'ar baki ɗaya ba daga cikin gidan ya fito ba. Martin Lambie-Nairn ne, wanda a 1982 ya yi wa sabuwar tashar Channel 4 lamba huɗu da gutsattsarin launuka masu tashi su haɗu, aikin da sai da aka kai shi Los Angeles a Amurka kafin a samu kwamfutar da za ta iya. BBC2 kuwa, tashar BBC ta biyu, tana fama da wata cuta. Tashar da ta fara da rashin sa'a ce tun asali, don daren buɗe ta, 20 ga Afrilun 1964, gobara a tashar lantarki ta Battersea ta jefa yammacin Landan cikin duhu, sai washegari aka fara sosai. Ta zo ta yi suna da shirye-shiryen ilimi, ita ce ma ta fara launi a 1967 lokacin David Attenborough na shugabanta, amma binciken ra'ayi ya nuna jama'a suna ganinta kamar dattijon da ake girmamawa ba a son zama kusa da shi. Da Alan Yentob ya zama shugabanta, sai ya nemi magani.

Maganin da Lambie-Nairn ya kawo ranar 16 ga Fabrairun 1991 lamba biyu ce kawai, mai kaifin baki, da wani launi tsakanin kore da shuɗi. Sirrin shi ne lambar ba ta sauyawa, abin da ke samunta ne yake sauyawa. A mafi shahara cikinsu, lambar tana tsaye, sai fenti ya taso daga gefe a guje ya watsu a jikinta. Na yi makonni ina tunanin wace irin kwamfuta ce ta yi wannan. Babu kwamfuta. Kwantar da lambar aka yi, aka kwantar da kyamara ita ma, aka tuttulo fenti daga sama. Abin da yake zuba ƙasa, a akwati sai ya zama yana gudu a kwance. Ranar da na gano haka na ji kunya na kuma ji daɗi, domin bokiti da fenti da tsani muna da su a bayan sutudiyo, dabarar ce ba mu da ita. Daga baya lambar ta zama ɗan kare mai gashi yana tsalle, ta zama motar wasan yara, ta zama abubuwa barkatai. Shirye-shiryen tashar ba su sauya a dare ɗaya ba, amma kallon da ake yi mata ya sauya. An ajiye waɗannan aidin a 2001, aka dawo da su a 2014 don bikin cikar tashar shekara 50, suka sake zama har 2018. A wannan sana'a tamu da ake jefar da aikin bara kamar tsumma, ban san wani aidi da aka yi wa irin wannan kiranye ba.

Lambie-Nairn ɗin ne dai a watan Oktoban 1997 ya miƙar da haruffan BBC uku da suka daɗe a karkace cikin akwatunansu. Dalilin na masu aiki ne: layin da ya karkace yakan yi zago-zago a fuskar talabijin, 'yan sandunan launi da ke ƙarƙashin haruffan kuma suna cin kuɗi wajen bugu. A rana guda ƙwallon duniya ya fita daga sutudiyo ya zama ƙaton balan-balan mai tashi da zafin wuta, ja da ruwan goro, wanda kamfanin Cameron na Bristol ya ɗinka. Aka ɗauke shi yana shawagi a kan gadar Forth da fadar Eilean Donan a Sikotland, da wasu sassan ƙasar. Hikimar a fili take: ga duniya ta zo ƙofar gidanka.

Sai 2002. Lorraine Heggessey, shugabar BBC One, ta ga balan-balan ɗin yana da nawa kuma ya yi nisa da mutane. Ranar 29 ga Maris aka sauke shi, aka kawo masu rawa sanye da jajayen kaya: 'yan wasan kapuwera a kan rufin bene a Landan, masu rawar haka ta mutanen Mawori, da wasu matasa uku a kan keken guragu suna juyi, cikinsu har da Ade Adepitan, haifaffen Legas. An yi aikin da kyau, kuma nufin a nuna kowane irin ɗan ƙasa nufi ne mai kyau. Amma a ganina an yi asara. Washegarin ranar mahaifiyar Sarauniya ta rasu. Tashar da jiya-jiya ta cika gidanta da kiɗa da rawa sai ga ta tana lalube cikin sababbin kayanta tana neman wanda ya fi natsuwa da za a sa gaban labarin rasuwa. Ƙwallon duniya bai taɓa shiga wannan matsala ba. Yana iya gabatar da wasan barkwanci, yana iya gabatar da sanarwar yaƙi, fuskarsa ɗaya. Agogon da ake nunawa kafin labarai shi ma a nan ya tafi, ko da yake shi da hujjarsa: siginar dijital takan makara da 'yan daƙiƙoƙi, agogon da ke ƙarya kuwa gara babu shi.

Abin da ya biyo baya ba zan daɗe a kansa ba. A 2006 aka koma da'ira, har da dorinar ruwa suna iyo suna kewaye, wanda ni nake ɗauka a matsayin neman sulhu da ƙwallon da aka kora. A 2017 mai ɗaukar hoto Martin Parr ya jera ƙungiyoyin mutane suna kallon kyamara, masu kallo da yawa suka ce abin ba gishiri. A 2021 aka sake haruffan tambarin da rubutun gidan na kansa mai suna Reith, a 2022 aka sake aidin kuma. Yanzu ma yaran da nake koya wa aiki a waya suke kallo, inda babu tsakanin shiri da shiri balle a cike shi. Tambari ya koma ɗan murabba'in da ake dannawa da yatsa.

Duk wannan tarihin ana iya bin sa daki-daki ne saboda an adana, wani a rumbun gidan, wani a hannun masu sha'awa da suka naɗa a bidiyon gida suka zuba a intanet. Mu fa? Talabijin ta fara a Ibadan tun 1959, ta iso Kaduna a 1962, aka haɗa tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, jihohi suka buɗe nasu. Kowace ta yi tambari, kowace ta yi kiɗan buɗe tasha da kakaki ko kalangu ko algaita, waɗanda duk wanda ya girma a lokacin zai iya rera maka. Da na koma tsohuwar tasharmu neman kwalin nan nawa, aka ce an yi shara tun da aka sauya shugaba na uku bayan tafiyata. Kaset ɗin aidin kuma an naɗi wani taron siyasa a kansa.

Don haka roƙona ga shugabannin gidajen talabijin namu, daga Kano har Yamai: idan sabon tambari ya zama dole, a yi, amma a sa wani yaro ya kwafe tsohon, da hotonsa da kiɗansa da sunan wanda ya zana, a rubuta shekara a jiki, a kulle a kabad. Wanda kuma yake da tsohon kaset a gida da aidin wata tasha a farkonsa, don Allah kada ya zubar, ya nemi mai mayar da shi kwamfuta tun tef ɗin bai manne ba.