Ƙwaro ɗaya, sunaye barkatai

A gonakin audugar Queensland, a gabashin Ostireliya, akwai wani ƙwaro da ya daɗe yana ruɗa masana. Wani zai kamo shi ruwan lemo, wani ya kamo ja mai zanen shuɗi, wani kuma shuɗi mai walƙiya, kowa ya laƙaba wa nasa suna. Carl Thunberg, ɗalibin Linnaeus, ya bayyana shi a 1783 da sunan diophthalmus, amma har a 1926 rahotannin ɓarnar auduga na kiransa Tectocoris lineola.

Ruɗanin farko ma a siffarsa yake. Kallo ɗaya za ka ce ɗan gidan buzuzu ne, alhali ba su haɗa dangi na kusa ba. Duba bayansa da kyau. Buzuzu na da fukafukai biyu masu tauri, da tsaga a tsakiya inda suka haɗu. Shi wannan babu tsaga, garkuwa ce guda ta rufe shi kamar an kifa ƙoƙo, fukafukansa huɗu na naɗe a ƙarƙashi. Juya shi rigingine: maimakon muƙamuƙin tauna, bakin tsotso ne siriri kwance a ƙirjinsa. Da shi yake huda ƙwallon auduga da sauran tsirran dangin rama da kuɓewa. Waɗannan alamu ne suka sa shi a gidan Scutelleridae, mai nau'i kusan 450.

To launin fa? Ashe jinsi da yanayi ne ke sauya shi. Mata sun fi zama ruwan lemo, maza sun fi shuɗi, zafin wurin da ƙwaron ya girma ma yana taka rawa. 

Da masana biyu, McDonald da Cassis, suka sake nazarin ƙwarin wannan gida na Ostireliya a 1984, ba su tsaya ga ado ba, sun bi ƙirar jiki da gaɓoɓin haihuwa. Suka ware masa ƙaramin dangi nasa, Tectocorinae, wanda shi kaɗai ne a ciki. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin launin da ke sauyawa tsakanin mace da namiji ba ya isa shaida.

'Yan'uwansa na nan kusa da mu: Calidea, masu shuɗi da kore, suna tsotson auduga da dawa da bini-da-zugu. In ka kama ɗaya, fara neman tsagar baya kafin ka kira shi buzuzu.