Sanƙarau a Bazara: Nazari kan Rigakafi

A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗora wa zafin bazara alhakin sanƙarau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai cutar kan fara ɗaga kai tun cikin hunturu, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, sannan ta lafa da saukar ruwan farko. Tun 1963 likitan nan na Faransa, Lapeyssonnie, ya fayyace yankin da take yawan ɓarkewa, wanda a yau aka sani ya miƙe daga Senegal har Habasha.

Ƙwayar cutar tana nan tare da mu duk shekara. Kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a maƙogwaro, lafiyarsa ƙalau, yana yaɗa ta ta tari da atishawa. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, busasshiyar iska da ƙura kan tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu kafar shiga jini, ta kai ga mayafin ƙwaƙwalwa. Cunkoso kuma ya ƙarasa aikin: ɗakin kwanan makaranta, zauren almajirai, ɗaki guda mai mutum goma da taga a toshe da tsumma. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida da ake yi in zafi ya tsananta rigakafi ce, ko da ba da niyyarta aka yi ba.

Allura dai ita ce babbar garkuwa, tarihinta kuwa akwai ɗaci. A annobar 1996 sama da mutum 11,000 suka rasu a Najeriya, kuma a shekarar ce gwajin maganin Trovan kan yara a Kano ya bar tabon rashin yarda da har yanzu bai gama warkewa ba. Allurar MenAfriVac, da ta shiga Nijar a 2010, Najeriya a 2011, ta kusan shafe nau'in A na ƙwayar cutar. Amma nau'in C ya far wa Nijar a 2015, ya kashe sama da mutum 1,000 a Najeriya a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai ba da kariya daga nau'i biyar.

A ganina matsalar lokaci ce. Allurar kan ɗauki kimanin kwana goma kafin ta kama jiki, cutar kuwa tana iya kisa cikin kwana ɗaya, don haka gangamin da aka fara bayan an soma binne gawa ya riga ya makara. Haka abin yake a gida. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗigar jariri, ba na jiƙo ba ne balle na jiran wayewar gari. Ko cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin biyar kan tashi da kurumta ko wata nakasar.