Daga Zauren Kakana a Kademi Zuwa Fadar Gaya: Yadda Ake Yanke Magana

A zauren kakana na fara ganin yadda ake yanke magana. Gidanmu a Kademi gidan gandu ne. Kakana da mahaifina da ƙannensa uku gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai tsohon ya aika a kira su bayan sallar isha. Mu yara mukan raɓe a bakin ƙofa. Ba a korarmu, amma ba mu da ta cewa.

Abin da ake zama a kansa ba ƙarami ba ne. Wace gona za a kai wa taki bana? Ina za a sa gero, ina dawa, ina gyaɗa? A yi binne ko a jira ruwan shuka? A sayar da bijimi a yi wa auta aure, ko a bari sai kaka? Kuskure ɗaya a wannan zama, gida ne zai kwana da yunwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba.

Kakana ba ya fara faɗin ra'ayinsa. Sai ya ce, "To, ga damina ta ƙarato, me kuka gani?" Daga nan ya dubi ƙaramin cikinsu. Sai ƙarami ya gama, na sama da shi ya karɓa, har a zo kan mahaifina. Na daɗe ban gane dalili ba. Sai da na girma na fahimci cewa da babba zai fara, kunya za ta rufe bakin kowa, a tashi da ra'ayin mutum ɗaya ana ce masa shawara. Idan kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, tsohon yakan yi shiru, ya ce, "Mu kwana da ita."

Wannan kwanan shi ne rabin shawarar. Maganar tana shiga cikin gida. Kakata ce ta san mudu nawa ake ci a rana, ta san wace suruka ke da juna biyu, ta san wanda ke da bashi yana ɓoyewa. Ba ta taɓa zama a zaure ba, amma sau da yawa abin da aka yanke da safe ya fi kama da nata tunanin. Bayan asuba sai tsohon ya ce, "Ga abin da za a yi." Daga nan babu musu. Ko wanda ra'ayinsa bai ci ba yakan saɓi fartanya ya yi gaba, don an ji shi.

Kada a ɗauka kirki ne kaɗai ya sa maigida yake saurare. Gandu yarjejeniya ce. Maigida shi ke ba da iri da kayan aiki, ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa 'ya'ya aure. Su kuma su yi aikin gandu tun safe har azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa. Ɗan da ya ga ana take shi yana iya fita gandu, ko ya tafi cin rani ya ƙi dawowa. Tsohon da ba ya jin shawara, wata rana shi kaɗai zai tsaya a gona. Na ga gidajen da suka watse ta haka bayan farin 1973, da kuma cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, lokacin da abin da ke rumbu bai isa a yi haƙuri da juna ba.

A ƙofar dagaci ma salon bai yi nisa da wannan ba. Masu unguwanni da liman da dattawa suna zaune, kowace sana'a kuma da bakinta: sarkin noma, sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aski. Rikicin iyakar gona, ɓarnar shanu, ranar gayyar gyaran hanya, duk a nan ake warware su. Dagacin da ya san aikinsa yakan bari a gaji da magana kafin ya buɗe baki. Amma akwai abin da ba ya shiga shawara, shi ne kuɗin haraji. Daga sama yake zuwa a rubuce. Iyakar abin da aka bar wa gari shi ne tantance wanda ya isa biya, da wanda tsufa ko ciwo ya ɗauke masa, da wanda za a jira ya dawo daga cin rani. Tun ina yaro na san magana iri biyu ce: wadda ake tambayarka, da wadda ake gaya maka.

Wannan ja-in-ja tsakanin ƙasarmu ta Gaya da birnin Kano tsoho ne. Gaya ba baƙuwa ba ce a tarihin Kano, don Abagayawa, maƙeran da ake dangantawa da farkon zaman Dala, daga Gaya suke jawo asalinsu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta tara da sarki ke shawara da su. Littafin nan kuma ya kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, a zamanin Sarki Dadi (1670 zuwa 1703), wanda ya yi shekara uku bai kai gaisuwa birni ba. Aka yaudare shi da sunan ganawa, aka kashe shi. Duk lokacin da na karanta wurin nan raina yakan ɓaci, domin kiran zama aka mayar tarko, kuma wanda aka taɓa yi wa haka, zuriyarsa ba ta sake zuwa taro da zuciya ɗaya.

Masu jihadi sun ɗauki shawara da muhimmanci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ta cikin ginshiƙan mulki a Kitabul Farƙi, ƙaninsa Abdullahi kuma a cikin birnin Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, bisa roƙon mutanen garin da ke son sanin yadda za su tafiyar da hukunci. Sai dai a aikace yawancin hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zirga-zirga tsakaninsu da ƙauyuka. Abin da jakada ya faɗa shi hakimi ya sani. Gaya ta ɗan tsira daga wannan, don tana cikin ƙasashen da sarkinsu ke zaune a cikin jama'arsa, kamar Rano da Ƙaraye da Dutse. Mai kuka yana iya zuwa da ƙafarsa ya faɗi ya yi gaisuwa.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma cikin 'yan shekaru, a zamanin Sarki Abbas, aka fitar da hakimai zuwa gundumomi. Aka miƙe tsani: Razdan, Di'o, Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Umarni yana saukowa da gudu, kuka yana hawa da rarrafe. Wannan ne ya ba NEPU, da aka kafa a 1950, abin faɗa wa talaka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulki daga hannun En'e, sannan Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau gwamna a 1979. Na tuna murnar da aka yi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, an sauke wa gari kaya, amma ba a mayar masa da bakinsa ba. Ciyaman da kansila suka gaji kujerar, aka koyi sababbin kalmomi, kwamiti da ajanda da minti, aka ci gaba da gaya wa mutane abin da aka riga aka yanke.

Ni ma da hannuna a ciki. Shekarun baya ina sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari, wasu masu ba da taimako suka zo za su haƙa rijiyar burtsatse. Aka jera kujeru, aka yi addu'a, babban cikinsu ya tashi ya fara magana, ya nuna wurin da suka zaɓa a kan takarda, sannan ya ce ko akwai mai tambaya. Wa zai yi musu da mai kyauta? Kowa ya ce madalla. Ni na rubuta cewa an amince baki ɗaya. Ba a kira ɗan ga-ruwa ko ɗaya ba, ba a aika cikin gidaje an ji ta bakin mata ba, alhali su ne suka san unguwar da ta fi wahala da kuma hanyar da kura ba ta iya bi da damina. Ba a kuma tsayar da wanda zai riƙe kuɗin gyara ba. Da famfon ya lalace, kowa ya ce na masu shi ne. Har yau idan na wuce ta wurin nakan tuna da zauren kakana, inda ba a tashi sai an san wanda zai ɗauki me.

Abin da ya faru da masarautarmu ya ƙara mini wannan damuwa. A watan Mayu na 2019 majalisar dokoki ta yi doka cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, aka ɗaga Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi. Sarkin Gaya Ibrahim Abdulƙadir ya karɓi sanda mai daraja ta ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na yi farin ciki, don na ga tsohon matsayin ƙasarmu ya dawo. Amma a Nuwamba kotu ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba, sai da aka sake yin wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayu 2024 wata majalisar ta rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A watan Yuli aka dawo da Gaya a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, Sarki Aliyu Ibrahim Abdulƙadir, wanda ya gaji Sarki Ibrahim, ya koma kujerarsa. Kowa na da ɓangaren da yake goyon baya, ni ma ina da nawa. Abin da na sani shi ne, a ɗagawar da saukewar duka, ban ga an zo Kademi an ce mana "me kuka gani" ba, kuma ba a kwana da maganar ba.

Ba na cewa tsarin da ba shi da aibi. Ya bar mace a bayan labule, ya bar bara da baƙo a waje, kuma dagacin da ya so zalunci yana da hanyar yinsa. Amma ya san abu uku da muka yi sakaci da su: ƙarami ya fara magana, a ba shawara dare ɗaya, a kuma tashi da sanin mai aikatawa.

Don haka ina roƙon hedimasta da kansila da shugabannin ƙungiyoyin manoma na ƙasar Gaya da Ajingi, ku da kuke riƙe da taro yau. Idan an zo zama na gaba, kan rabon taki ne ko gyaran aji ko rijiya, ku riƙe naku ra'ayin tukuna. Ku aika a kira ɗan ga-ruwa da ƙaramin malami, ku tura a jiyo ta bakin matan gida, ku fara da su.