Lambar sirri: abin da ke tsare kuɗin da ke cikin waya

A Garwa, Marwa da Ngaundere, 'yan kasuwa da yawa sun koma ajiye kuɗi a Orange Money ko MTN MoMo. Abin da ke tsakanin ɓarawo da wannan ajiya shi ne lambar sirri, wadda ake kira code secret da Faransanci.

A lissafi, lambar ba ta da wani ƙarfi. Lamba mai alƙaluma 4 ba ta wuce iri 10,000, mai 5 kuma iri 100,000 ce, kuma kwamfuta za ta gwada su duka kafin ƙiftawar ido. Abin da ke kare ta shi ne toshe asusu da ake yi idan an kuskure lambar sau kaɗan a jere. Shi ya sa shekarar haihuwa ko 1234 ke da haɗari: su ake fara gwadawa.

Matsalar tsohuwa ce. A 1979, Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs a Amurka sun binciki kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin ganowa ne. Sun kuma bayyana dabarar da ake bi har yau: kwamfuta ba ta ajiye kalmar kanta. Tana niƙa ta da lissafi, kamar yadda ake niƙa gero ya zama gari, wanda ba ya komawa ƙwaya. Kafin niƙan ana zuba wasu alƙaluma na daban da masana ke kira "gishiri", don mutum biyu masu kalma ɗaya su fito da gari daban. In mai asusu ya shigar da kalmarsa, sai a sake niƙawa a gwada da na ajiye. A 2015 aka zaɓi Argon2 a gasar duniya kan wannan niƙa, saboda yana cin lokaci da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya gajiyar da mai gwaje-gwaje.

Ke nan ma'aikacin kamfani ba ya bukatar jin lambar kowa. Mazambata sun san haka, shi ya sa suka fi dogara da baki: kira na cewa an turo kuɗi bisa kuskure, ko an ci kyauta, a danna lamba a tabbatar. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet, hukumar ANTIC kuma ke sa ido kan tsaron na'urorin sadarwa. Sai dai kuɗin da mai shi ya sa lambarsa da hannunsa ya tura, da wuya ya dawo.